Besler, Redouté ko Curtis: Wane Falle Ya Cancanci Kuɗin Mai Son Tsoffin Zanen Tsirrai?

Duk wanda ya kamu da son tsoffin littattafan tsirrai na Turai, waɗanda aka buga zanensu da farantin jan ƙarfe sannan aka bi su da burushi ana sa musu launi ɗaya bayan ɗaya, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa cikakken littafi ya fi ƙarfin aljihunsa. Yawancinsu yanzu suna hannun manyan ɗakunan karatu da wasu attajirai ƙalilan, kuma idan ɗaya ya fito gwanjo, kuɗin da ake ambata ya isa a gina unguwa guda. A shekarar 2016 an sayar da kwafi ɗaya mai launi na wani irin wannan littafi mai suna Hortus Eystettensis a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan a kan kusan fam miliyan 2. Abin da ya rage wa malamin jami'a, ko mai sana'ar zane, ko wanda kawai yake marmarin riƙe takardar da ta haura shekara 200 a duniya, shi ne falle guda, wato shafin zane ɗaya da ya fito daga littafin da ya riga ya wargaje.

A kasuwar waɗannan fallaye sunaye uku ne suka fi yawo a bakin dillalai: Besler na Jamus, Redouté na Faransa, da Curtis na Ingila. Dukkansu ana tallarsu da cewa tsoffi ne masu launin hannu, amma wannan magana ba ta da ma'ana ɗaya a wurare ukun, kuma a nan ne mai saye yake yin riba ko ya yi asara. Tambayar da ta kamata ya riƙe tun farko ita ce wa ya sa launin da yake gani, kuma yaushe aka sa shi. Ni dai ra'ayina shi ne wanda yake neman launin hannu na gaskiya, wanda aka sa a zamanin da aka buga littafin, kuma kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, Curtis ne ya fi dacewa da shi, duk da cewa shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi ƙarancin alfarma cikin ukun. Sauran biyun suna da nasu masu saye, sai dai kowanne yana da ramin da ya kamata a sani kafin a taka.

Mafi tsufa shi ne Hortus Eystettensis, wanda ya fito a 1613. Asalinsa lambu ne na Johann Konrad von Gemmingen, bishop kuma mai mulkin garin Eichstätt a kudancin Jamus, wanda ya cika kewayen fadarsa ta Willibaldsburg da tsirrai daga ƙasashe masu nisa, sannan ya ɗora wa Basilius Besler, wani mai harhaɗa magunguna a birnin Nuremberg, nauyin mayar da lambun littafi. Besler jagoran aikin ne: ana kawo furanni daga lambun, masu zane su zana, sannan a miƙa zanen ga masu sassaƙa irin su Wolfgang Kilian na Augsburg su fitar da shi a kan jan ƙarfe. Bishop ɗin ya rasu a 1612, bai ga littafinsa ba. Abin da ya fito faranti 367 ne ɗauke da tsirrai fiye da 1,000, an jera su bisa lokutan shekara na Turai, 134 na lokacin toho, 184 na lokacin zafi, 42 na kaka, sai 7 kacal na hunturu, kuma kowane falle ya kai kusan santimita 57 a tsaye da 46 a kwance. Bayan kimanin shekara 20 sojojin Siwidin suka lalata lambun a Yaƙin Shekara Talatin, littafin ya zama shi ne shaidar abin da aka taɓa shukawa a wurin.

Ga wanda yake son abin ratayawa a bango, babu wanda ya kama ƙafar Besler. Tsironsa yana cika shafi daga saiwa zuwa fure, saiwoyin suna murɗewa kamar an yi musu kitso, sau da yawa babban tsiro a tsakiya da ƙanana biyu a gefe, sunayen kuma an rubuta su da rubutu mai lanƙwasa. A ciki akwai tumatir da barkono da dankali, waɗanda a lokacin baƙi ne daga nahiyar Amurka, ana kallonsu a matsayin abin mamaki. Ta fuskar ilimi kuwa amfaninsa ya ragu, domin ya riga tsarin sunayen tsirrai da Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Siwidin, ya kafa a 1753 da shekara 140, sunayen da ke ƙarƙashin zanen dogayen jimloli ne na Latin da masana suka daina amfani da su, kuma ba a cika buɗe cikin fure a nuna sassansa ba.

Matsalar Besler tana cikin yadda aka buga shi. Iri biyu aka fitar: na gama-gari, baƙi da fari, da bayani a bayan fallen, wanda aka fara sayarwa a kan fulorin 35 (fulorin kuɗin wancan zamani ne), da na alfarma a kan takarda mafi kyau, bayansa fari, domin a sa masa launi, wanda kuɗinsa ya kai fulorin 500. Ana iya gane nauyin wannan kuɗi idan aka san cewa Besler ya sayi gida a Nuremberg a kan fulorin 2,500, wato kuɗin kwafi biyar. Sa wa kwafi ɗaya launi yana cin kusan shekara guda a hannun gwanaye irin su Georg Mack, saboda haka kwafin da aka yi wa launi a wancan zamani kaɗan ne ƙwarai, kuma ba su ne ake yayyagawa ana sayarwa falle-falle ba. Mafi yawan fallayen Besler masu launi da ke kasuwa yau sun fito ne daga kwafin baƙi da fari, wani ya zo daga baya, wani lokaci ma a ƙarni na 20, ya shafa musu launi domin su yi daraja. Takardar tsohuwa ce, bugun ma tsoho ne, launin ne sabo. Idan aka juya falle aka ga rubutun Latin a baya, har yana leƙowa ta gaba kamar inuwa, to kusan tabbas daga baya aka sa launin. Farin baya ma bai isa hujja shi kaɗai ba, domin an sake buga littafin da farantan nan dai a 1640, aka kuma yi wani bugu mai ɗauke da shekarar 1713, kuma jan ƙarfe yana cinyewa da yawan bugu, layukan su yi laushi su rasa kaifi. Dillali mai amana yana rubuta cewa launin na baya ne, kuma wanda ya saya a kan haka bai yi laifi ba, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaici shi ne a biya dubban daloli ana zaton launin na 1613 ne.

Pierre-Joseph Redouté ya zo ne kusan ƙarni biyu bayan haka. An haife shi a 1759 a Saint-Hubert, cikin ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, ya yi wa sarauniya Marie Antoinette aiki, ya tsallake juyin juya halin Faransa lafiya, sannan ya sami uwar ɗaki a wurin Joséphine, matar Napoleon, wadda lambunta na Malmaison ya zama matattarar baƙin tsirrai. Manyan ayyukansa biyu ne. Les Liliacées ya fito kashi-kashi daga 1802 zuwa 1816, juzu'i 8 da faranti 486, kwafi kimanin 200, da bayanin masana irin su de Candolle. Les Roses kuma, wato littafin furannin wardi, ya fito daga 1817 zuwa 1824, juzu'i 3 da faranti 169, da bayanin Claude-Antoine Thory. Duk da wannan suna, Redouté ya mutu a 1840 da bashi a wuyansa, domin irin wannan ɗab'i yana cin kuɗi fiye da abin da yake mayarwa.

Abin da mai saye ya kamata ya fahimta shi ne launin Redouté, a mafi yawansa, bugawa aka yi. A ziyarar da ya kai Landan wajen 1787 ya ga salon sassaƙar ɗigo-ɗigo wanda Francesco Bartolozzi ya yi fice da shi, inda ake fitar da inuwa da dubban ƙananan ɗigo maimakon layuka, sai ya kai salon Faris ya inganta shi. Ma'aikacin maɗaba'a yana ɗaukar ƙaramin ƙunshin tsumma ya dangwali tawada kore ya cusa ta a wurin ganye, ya ɗauki wani ya cusa ja a wurin fure, duk a kan faranti ɗaya, ya goge abin da ya wuce iyaka, sannan a danna a kan takarda sau ɗaya. Kafin a buga falle na gaba sai an sake wannan aiki daga farko. Bayan ya bushe ne mai burushi yake zuwa ya taɓa wasu wurare, ya ƙara duhu a gindin fure ko ya fito da jijiyar ganye. Idan aka sa gilashin ƙara girma a kan furen wardi na Redouté, za a ga ɗigon da kansu ja ne ko kore, a warwatse babu jeri kamar an watsa garin barkono a faifai, suna yin kauri inda inuwa take, suna ɓacewa a hankali har su narke cikin farin takarda. Wannan ne yake ba furensa taushin da Besler da Curtis ba su da shi, domin su layin baƙi ne ya kewaye komai, launi ya zauna a cikinsa. A kyau dai Redouté ne gaba, kuma launinsa na zamaninsa ne tunda tare da bugun ya zo, amma wanda yake neman sawun burushin mai launi zai same shi kaɗan ne a nan.

Haɗarin Redouté ya samo asali ne daga shahararsa. Babu mai zanen furanni da aka kwaikwayi aikinsa kamar shi, tun daga kalanda har zuwa kwanon shayi, kuma an yi ta buga kwafinsa a ƙarni na 20 a kan takarda mai kauri da aka rina ta yi kama da tsohuwa. Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Wani mai sayarwa a intanet ya aiko mini da furen wardi cikin firam, da sunan Redouté a ƙasa ta hagu kamar yadda ake gani a na asali, na yi ta murna kwana biyu, sai ranar da na cire shi daga gilashi na kai shi bakin taga na duba da gilashin ƙara girma. Ɗigon a jere suke reras, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, suna yin ƙananan zobba irin na hoton mujalla, kuma abin da na ɗauka sawun faranti ne a gefe ashe inuwa ce aka buga, yatsa ba ya jin komai. Ban da na jabu, akwai kuma bambancin bugu a cikin na gaskiya: bayan babban bugun Les Roses an fitar da ƙananan bugu daga 1824, da faranti da aka sake sassaƙawa a ƙaramin girma. Su ma tsoffi ne na gaske, amma kuɗinsu bai kai na babban ba ko kusa, kuma bai kamata a saye su da farashinsa ba. Falle na babban bugu mai kyau yana kaiwa dubban daloli, musamman idan furen mai ɗaukar ido ne.

William Curtis shi ma mai harhaɗa magunguna ne kamar Besler, sai dai shi ba shi da bishop a bayansa. Ya fara da Flora Londinensis, babban littafi da ya zana tsirran daji na kewayen Landan da girmansu na ainihi, masana suka yaba, kuɗi kuma suka ƙare, domin masu hali ba su ga dalilin biyan kuɗi a kan ciyawar da ke bayan gidansu ba. Daga wannan darasi ne ya fito da The Botanical Magazine a ranar 1 ga Fabrairu, 1787: ƙaramar mujalla ta wata-wata, faranti uku masu launi a kowace fitowa, da bayani a kan kowane tsiro, a kan sule ɗaya. Wannan karon baƙin furannin da masu lambu suke saye ya zana, ya fara da wani fure na ƙasar Farisa mai suna Iris persica. Kasuwa ta karɓa nan take, har ana sayar da kwafi 3,000 a wata, kuma an ruwaito shi yana cewa littafin farko yabo ya kawo masa, mujallar kuma ita ta kawo abinci.

A yi lissafi a gani. Kwafi 3,000 sau faranti uku ya kama fallaye 9,000 a wata, kuma kowanne sai an zauna an sa masa launi da burushi, domin farantin layin kawai yake bugawa. Akwai lokacin da masu sa launi suka kai mutum 30, kowa da fallen samfuri a gabansa yana kwaikwaya. Shi ya sa idan aka ajiye kwafi biyu na faranti ɗaya gefe da gefe ba sa zama daidai: koren wannan ya fi duhu, jan wancan ya ɗan tsallake layi a bakin fure, a wani wuri ruwan launin ya taru ya bushe ya bar ƙaramin baki kamar sawun ruwa a kan yashi. Waɗannan ƙananan kurakurai su ne shaidar hannu, kuma su ne dalilin da ya sa nake fifita Curtis. An sayar da mujallar da launinta tun daga maɗaba'a, fallayen suna da yawa a duniya, farashinsu kuma bai kai wanda zai sa wani ya ɓata lokaci yana ƙirƙirar na jabu mai wahalar ganewa ba, tunda da yawa daga cikinsu ba sa wuce 'yan gomiyoyin daloli. Ƙari a kan haka, fallayen farko suna ɗauke da shaidarsu a jikinsu: lambar faranti a sama, a ƙasa kuma sunan mai zane, sunan mai sassaƙa, da rana da wata da shekarar da aka fitar. Ana iya ɗaukar wannan lamba a nemo juzu'in a intanet a gwada layi da layi.

Mujallar ta yi tsawon rai, saboda haka wanda ya zaɓi Curtis sai ya sake zaɓen zamani. A shekarun farko James Sowerby da Sydenham Edwards ne manyan masu zane, Francis Sansom yana sassaƙa, kuma Edwards ya ci gaba bayan rasuwar Curtis a 1799 har zuwa 1815, lokacin da ya tafi ya kafa tasa mujallar. Fallayen wannan zamani bugun jan ƙarfe ne, tsiro ɗaya a tsaye cikin natsuwa, kuma su ne nake ba mai farawa shawarar nema. Da William Jackson Hooker ya karɓi ragamar mujallar a ƙarshen shekarun 1820 sai ta ƙara karkata ga ilimi, ana zana sassan fure da 'ya'ya a buɗe a gefen shafi. Daga 1834 Walter Hood Fitch ya shigo, ya yi zane fiye da 2,500, kuma a tsakiyar shekarun 1840 aka koma bugun dutse, inda ake zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai laushi. Fallayen Fitch suna da ƙarfin hali, furen yana cika shafi har ya nemi fita, layin yana da garin alli a jikinsa, kuma ba su da sawun faranti a gefe, wanda bai kamata a ɗauka alamar jabu ba ce. Fitch ya bar aikin a 1877 bayan saɓani da Joseph Hooker, ɗan William Hooker, a kan kuɗin aiki, Matilda Smith ta gaje shi ta yi fiye da 2,300. An ci gaba da sa launi da hannu har 1948, lokacin da masu wannan sana'a suka yi ƙaranci, mujallar kuwa har yau tana fitowa daga lambun tsirrai na Kew da ke Landan.

Curtis yana da nasa nakasu. Fallen bai wuce kusan santimita 23 da 14 ba, girman ƙaramin littafin karatu, saboda haka idan aka rataya guda ɗaya a babban ɗaki ɓacewa yake yi, sai an haɗa huɗu ko shida. Ingancin launin ma ya danganta da hannun da fallen ya faɗa, wasu an yi su da kulawa, wasu da gaggawar ƙarshen wata. An kuma sake buga juzu'an farko saboda yawan nema, ta yadda falle mai ɗauke da 1788 zai iya kasancewa an buga shi bayan wasu shekaru, ko da yake launinsa na hannu ne kuma na gidan ne. Sannan masu sayarwa da yawa suna raba zane da shafin bayaninsa. A nemi a haɗa da shafin, domin a cikinsa ne ake faɗin inda tsiron ya fito da wanda ya kawo shi Ingila, kuma rabin daɗin abin yana nan.

Mai karatu daga yankinmu zai so ya san ko akwai tsirran da ya sani a cikin waɗannan littattafai. Ban da tumatir da barkono da dankalin da aka ambata, Besler ba shi da abin kirki a wannan fanni. Redouté ya faɗaɗa ma'anar Les Liliacées, littafinsa na dangin furen lili, har ya shigar da ayaba da abarba, da kuma gatarin kurege, wanda wasu ke kira baurairai, furen nan mai ja da rawaya da ke hawa daji da damina, ƙarƙashin sunan Methonica superba. Curtis ne ya fi kowa yawan tsirran Afirka, ko da yake na kudancin nahiyar sun fi yawa, kuma a 1828 ya fitar da kuka, da furenta fari mai rataye da 'ya'yanta. Akwai kuma littafi na huɗu da ya cancanci a ambata ko da ba kasafai ake samun fallayensa ba, wato Flore d'Oware et de Benin na Palisot de Beauvois, Bafaranshen da ya sauka a yankin Warri a 1786 ya kuma shiga Benin. An fitar da shi a Faris a farkon ƙarni na 19, juzu'i 2 da faranti 120, an buga launinsa sannan an ƙarasa da hannu irin na Redouté, kuma a cikinsa ne aka yi wa nau'in goron da masana ke kira Cola acuminata bayanin ilimi na farko. Wanda ya ci karo da falle daga wannan littafi a farashin da zai iya, ni ban ga dalilin da zai tsaya jiran furen wardi ba.

Ko wanne aka zaɓa, binciken hannu iri ɗaya ne. Bugun jan ƙarfe yana barin sawu a kewayen zanen, inda gefen farantin ya nutse cikin takarda mai laima, kuma yatsa yana jinsa. Takardar Besler ta hannu ce mai layuka, idan aka ɗaga ta ga haske za a ga siraran layuka a jere da wasu masu faɗin tazara suna ratsa su, yayin da babban bugun Redouté yake kan takarda mai santsi marar layi. Tambarin ruwa da ke cikin takarda yana taimakawa ƙwarai. Wanda ya saba da tsoffin rubuce-rubucen malamanmu ya san wannan dubawa, domin da yawa daga cikinsu an rubuta su a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake ganewa ta hanyar ɗaga ta ga rana. A Ingila, daga 1794 masu yin takarda sun riƙa sa shekara a cikin tambarin, abin da yake tona asirin bugun da aka sake daga baya, ko da yake a ƙaramin falle irin na Curtis sau da yawa gutsuren tambarin kawai ake samu a gefe. Idan aka karkata fallen a gaban haske, a wasu wurare masu duhu za a ga ƙyalli kaɗan. Ƙaro ne, irin wanda ake sa wa tawadar allo, wanda Turawan wancan zamani suke saye daga yankin kogin Senegal suna haɗa launin ruwa da shi, suna kuma shafa shi a sama domin ja ko shuɗi ya ƙara zurfi. A tsoffin fallaye na ƙarni na 17, koren da aka yi da tsatsar jan ƙarfe yakan ci takarda ya bayyana a baya da launin ƙasa-ƙasa, kuma rashin wannan alama a bayan Besler mai kore shar abin lura ne.

Akwai wata magana da ba ta da daɗi a wannan ciniki, kuma gara a faɗe ta. Kowane falle da ke kasuwa yana nufin wani littafi ya rasa shafinsa. Wasu sun fito daga kwafin da ruwa ko wuta suka riga suka lalata, amma wasu cikakkun littattafai ne aka farke da gangan domin kuɗin fallaye a rarrabe ya fi na littafin a haɗe. Zanen asali na Les Liliacées da Redouté ya yi wa Joséphine da hannunsa a kan fata sun zauna tare har 1985, lokacin da aka sayar da su a gidan gwanjo na Sotheby's a New York a kan dala miliyan 5.5, aka kuma rarraba su ga masu saye daban-daban. A wannan ma'auni ma Curtis ya fi sauƙi a zuciya, domin an buga shi da dubbai kuma cikakkun jerinsa suna nan a ɗakunan karatu da yawa, alhali Les Liliacées kwafi 200 ne kawai tun asali. Wanda kuma buƙatarsa karatu ce, ko koyon zane, ko koyar da ɗalibai, bai da buƙatar sayen ko ɗaya. Taskar Biodiversity Heritage Library ta sa tsoffin juzu'an Curtis a intanet kyauta, kamfanin Taschen kuma ya fitar da Besler da Redouté cikin bugun zamani mai kyau da araha.

Saura maganar ajiya, wadda mai saye daga Kano ko Zinder ko Kumasi ba zai yi wasa da ita ba. Launin ruwa yana kodewa a hasken rana, ja da ruwan hoda su ne suke fara tafiya, laimar damina tana fito da ɗigon tsatsa a takarda, bushewar hunturu tana sa ta yi ƙarfi ta karye, gara da kyankyaso kuma ba sa tambayar shekarar bugu. Fallen Besler da girmansa yana buƙatar firam na musamman da gilashi mai tare haske, jigilarsa ma aiki ce, domin naɗe tsohuwar takarda mai launi yana fasa launin. Fallen Curtis yana shiga tsakanin kwali biyu marasa sinadarin da ke cin takarda, ya zo cikin ambulan, ya zauna a akwati nesa da bango da ƙasa, a fito da shi lokacin da ake son kallo.

Wanda yake da ɗaki mai faɗi da kuɗi, kuma ya yarda a ransa cewa launin na baya ne, ya ɗauki Besler, amma ya sa mai sayarwa ya rubuta masa wane bugu ne cikin ukun. Redouté na wanda zai iya zuwa ya gani da idonsa ne, ko ya saya daga gidan da zai karɓi kayansa idan an sami matsala, domin hoton waya ba ya bambanta ɗigon sassaƙa da ɗigon injin. Mai farawa kuwa ya nemi Curtis na tsakanin 1787 da 1815, mai sunan Edwards ko Sowerby a ƙasa, da shafin bayaninsa, ya gwada lambar da kwafin intanet, sannan kafin ya tura ko sisi ya nemi a ɗauko masa hoto uku: gaban fallen a waje da firam, bayansa, da kuma fallen an ɗaga shi ga hasken taga. Idan mai sayarwa ya ce ba zai iya cire shi daga firam ba, a bar masa kayansa a nemi wani.